Wane littafi ne gwaninku bana, wanne kuma ya ci muku data a banza?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shekara ta zo gangara. Jiya da daddare da aka ɗauke wuta na zauna ina bincike a wayata, na ƙirga littattafan da na karanta bana daga farko har ƙarshe, na samu 19. Waɗanda na fara na watsar kuwa ban ma bi ta kansu ba. Shi ne na ce bari in jefo tambaya: wanne ya fi kwanta muku a rai, wanne kuma kuka yi da-na-sanin buɗewa?

Nawa gwanin wani ɗan littafi ne da bai yi suna ba, shafi 38 kacal, labarin matar wani direban tirela mai jigila tsakanin Kano da Legas. Babu mai kuɗi ko ɗaya a ciki. Inda ya kama ni shi ne lokacin da mijin ya yi kwana tara a layin shiga tashar jiragen ruwa ta Apapa, yana shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota, cajin wayarsa ya ƙare, ita kuma tana can Kurna tana leƙa ƙasan buhu tana lissafin kwanon da ya rage, kunya ta hana ta zuwa gidansu ta ce babu. Ranar da ya samu ya kira, maimakon ta faɗa masa halin da ake ciki, sai ta ce masa lafiya lau suke, shi ya ci abinci kuwa? A nan na kife wayar. Sana'ar mahaifina ke nan, Allah ya jiƙansa, na san wannan "lafiya lau" ɗin a bakin mahaifiyata.

Wanda ya ƙona min rai kuwa na kuɗi ne, naira 1,000 na tura. Yaro ɗan shekara 27, wai Janar ne a soja, kuma likitan zuciya ne, kuma yana da kamfanoni a Dubai da Turkiyya. Ba ya dariya, ba ya magana, aikinsa ɗaure fuska da ƙamshin turare. Yarinyar 'yar aikin gidansu ce, fara sol, gashi har gadon baya, can gaba aka gano ashe 'yar sarki ce aka sace tana jaririya. Duk wannan na runtse ido na shanye. Inda muka raba gari shi ne da suka zo Legas. Sun sauka a filin jirgi na Ikeja ƙarfe biyar na yamma, ranar Juma'a, wai cikin minti goma ga su a gidansa na Lekki. Minti goma, jama'a!

Anti_Larai (mai kula da zaure):
Wa alaikumus salam Maman Ilham, tambaya ta yi. Kafin a yi nisa ga tunatarwa: littattafan intanet na marubutan da ake damawa da su yanzu ba a kiran sunansu a nan, ko yabo ne ko kushe. Kun dai tuna bara yadda magoya bayan wasu marubuta biyu suka mai da mana zaure filin dambe har sai da na fitar da mutane. Mai son suna ya bi mutum ta bayan fage ya tambaya. Tsofaffin bugaggun littattafai da suka zama na kowa, babu laifi a ambata.

Bala_Ijora:
Hajiya ki yi masa uzuri, wataƙila jiniya ya kunna. Janar ne fa.

Maman_Ilham:
@Bala_Ijora ko jiniya goma ya kunna, a gadar Third Mainland ranar Juma'a da yamma ina zai bi? Ta cikin ruwa?

Bala_Ijora:
Wasa nake. Amma batun layin Apapa da kika kawo, wanda ya rubuta wannan ya san abin da yake faɗa. Ni gyaran tayar manyan motoci nake, akwai lokacin da direba zai zo ya zauna kusa da rumfata har mu saba, in san sunan 'ya'yansa, bai shiga tasha ba. Ki turo min sunan littafin.

Ummi_Agege:
Ni haifaffiyar Agege ce, goro ne ya kawo kakana, mahaifina ma nan aka haife shi. A makarantarmu Yarbanci aka koyar da mu, ba Hausa ba. Karatun Hausa a littattafan soyayyar da yayata ke ɓoyewa a ƙarƙashin katifa na koya, da farko ƙafa da kafa duk ɗaya ne a idona. Don haka akwai amana tsakanina da littattafan nan, ba na son in ji ana zaginsu.

Amma bana na karanta guda uku a jere, marubuta daban-daban, kowanne in ana son yaro ya lalace sai a turo shi Legas. Ya tafi da carbi a hannu, ya dawo da kitso a kai da kwalba a aljihu. Yarinya ta gudu daga gida, Legas. Alhaji zai yi abin kunya a ɓoye, Legas. Na ukun shi ne mafi munin abin da na karanta bana, har uwar yaron take kuka tana cewa ya tafi garin da ba a jin kiran salla. Ni ina karanta wannan layin ne masallatai uku suna kiran magariba a kunnena, ga Markaz nan kusa da mu mutane na zuwa daga nesa neman ilimin Larabci. Muna da Islamiyyu, muna da Sarkin Hausawa, ana ɗaurin aure ana suna kamar ko'ina, amma ba mu cikin labarin kowa sai in za a buga misali da lalacewa.

Wanda na fi so kuwa labarin wasu kishiyoyi biyu ne da suka haɗa kai suka riƙe gida bayan miji ya kwanta ciwo. Ba boka, ba guba a abinci. Na yi ta jira a zo wajen bokan, har littafin ya ƙare ba a zo ba.

Bagobiri_Mile12:
Salamu alaikum. Ni karatun boko bai zauna mani sosai ba, saurare ni kai. In motocin albasa sunka iso da asuba munka gama saukewa, sai in sa abin kunne in kunna YouTube ina tsaron kaya. Wanda nif fi so bana labarin wani yaro ne da anka kai karatun allo gabas, ya dawo ya iske an saida gonar ubanai, ya yi ta shari'a da baffanninai. Irin wagga ta faru a garinmu, shi ya sa. Wanda ban so ba kuma ba laifin mai rubutu ba ne. Inji anka sa ya karanta, ba mutum ba. Inda anka nufi gari na mutane sai ya ce gari na tuwo. Na yi haƙurin kashi biyu na kashe.

Kawu_Obalende:
'Ya'yana sannunku da hira. Ni idona ba ya jure karatu a waya, takarda nake so. Bana jikata ta zo hutu daga Zariya da Shaihu Umar a jakarta, na karɓa na ce bari in tuna da. Rabona da shi tun ina ɗan makaranta. Littafi ne siriri, tsakanin la'asar da isha ka gama. Da ina yaro abin da ya dame ni a ciki shi ne yaron da aka sace aka ƙetara sahara da shi. Yanzu da na tsufa sai na ga ashe littafin na uwar ne, wadda ta bar komai ta bi sawun ɗanta har ita ma ta faɗa hannun masu bauta. Babu kuka da kururuwa a rubutun, a hankali yake ba da labari kamar malami a zaure, amma sai da na cire tabarau na goge.

Kuma abin da ke ba ni mamaki, kullum ina wucewa ta filin da aka sa wa sunan marubucin, Abubakar Tafawa Ɓalewa, wato TBS, inda motocin BRT ke lodi. Kwandastoci na ta kiran sunan wurin, ban jin cikin fasinjojin akwai mai tunanin cewa mutumin nan marubucin labari ne. Yana Firayim Minista a nan Ikko, ga aikin ƙasa a kansa, amma ya samu lokacin rubutu.

Wanda ban so ba, babu. In littafi bai yi min ba a shafi biyar na farko nakan ba mai ƙosai.

Sadiq_Akoka:
Kawu wannan ai satar amsa ce. An ce na bana, ka ɗauko na zamanin Turawa.

Kawu_Obalende:
Ɗana, an ce wanda aka karanta bana, ba wanda aka haifa bana ba. Koma ka duba tambayar.

Malam_Nura:
Kawu ya fi ka gaskiya @Sadiq_Akoka. Sai dai Kawu, da girmanka, ɗan gyara kaɗan. Ba yana Firayim Minista ya rubuta shi ba. Sai 1957 ya hau wannan kujerar. Littafin kuwa ya rubuta shi ne yana matashin malamin makaranta a Bauchi, domin gasar da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya a 1933. A gasar ne kuma aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, shi ma lokacin bai wuce shekara 22 ba. Wato waɗanda muke kira iyayen ƙagaggen labarin Hausa, sa'ar da suka yi rubutun sa'o'in yaran da muke kushewa yau ne.

Kawu_Obalende:
Na karɓi gyara Malam. Allah ya ƙara sani.

Alƙalamin_Dare:
Na daɗe ina karanta ku ina murmushi, bari in fito. Ni marubuciya ce, wasunku sun sani. Kuma @Maman_Ilham kada ki ji komai, ba nawa ba ne kika karanta, amma ni ma ina da Janar ɗina. Nawa ma matuƙin jirgin yaƙi ne.

Bari in faɗa muku yadda abin yake daga ɓangarenmu. Shekara biyu da suka wuce na rubuta labarin wata mata da mijinta ya rasu ya bar ta da yara, tana soya awara a ƙofar gida. Na yi wata huɗu a kansa, na je na zauna da masu sana'ar na ga yadda ake jiƙa waken suya da yadda ake tacewa da yadda ake sa ruwan tsami. Na saki shafi goma kyauta kamar yadda aka saba, na ce mai son ci gaba ta biya. Yabo kam na sha. Waɗanda suka biya ba su cika talatin ba. Da na saki na matuƙin jirgin, kafin in kai shafi na shida kuɗi ke shigowa, har sai da na buɗe guruf na biyu. Da wanne zan biya kuɗin makarantar yara?

Kuma ban ga laifin masu karatun ba. Mace ta wuni tana fama da tsadar gas da kuɗin cefane da surutun mai gidan haya, da daddare ta samu ta miƙe ƙafa, sai ki ce ta cire kuɗi ta sayi labarin tsadar gas? Gidan da ba a ɗauke wuta take son shiga, ko na awa ɗaya ne.

Batun tsawo kuma, a waya nake rubutu da babban yatsa, kullum dare sai na saki shafi. In na yi fashin kwana biyu saƙonni sun cika min waya. Babu lokacin komawa baya a gyara, babu edita. Wani lokacin ina shafi na 70 na manta sunan da na sa wa ƙanwar jarumin a shafi na 8.

Amma minti goma daga Ikeja zuwa Lekki, wannan kam ganganci ne. Tambaya ɗaya za ta yi a ba ta amsa.

Maman_Ilham:
@Alƙalamin_Dare ƙanwata na gode da kika fito fili, kuma na ji miki. Ni ban hana a rubuta masu kuɗi ba, ni ma ina son in leƙa gidan da ban taɓa shiga ba. Abin da nake cewa, ko ƙarya za a yi a yi ta da tsari. Ki sa shi Kyaftin mana, ko Manjo, ki ba shi sana'a ɗaya. Kuma a bar shi ya yi dariya ko sau ɗaya ne, mutum ne fa ba gunki ba. Na awarar nan har yanzu yana nan? Zan biya.

Hajjo_Idi-Araba:
Tunda an zo maganar biya, nawa takaicin ba labarin ba ne, labarin ma ya yi daɗi, shi ya sa abin ya fi ciwo. Na biya tun watan azumi. Muna tafiya lafiya har shafi na 52, daidai inda aka shiga da yarinyar ɗakin haihuwa, mijin kuma yana hanya bai san takardar sakin da aka kai mata ta jabu ba ce. Sai marubuciyar ta ce wayarta ta lalace. Muka yi mata jaje. Bayan sati uku ta ce rasuwa aka yi musu. Muka yi ta'aziyya. Bayan babbar salla sai ga tallar sabon littafinta a wani guruf, shi ma na kuɗi. Wata a cikinmu ta yi magana, aka cire ta. Yau wata nawa ke nan yarinyar nan tana ɗakin haihuwa.

Bala_Ijora:
Allah ya sauke ta lafiya.

Alƙalamin_Dare:
@Hajjo_Idi-Araba Anti wannan cin amana ne, ba zan kare shi ba, irinsu ke ja mana zagi. Amma a faɗi ɗaya ɓangaren ma. Mutum ɗaya za ta biya, ta kwashe shafukan ta watsa a guruf biyar kyauta, wani ya haɗa su ya ɗora a shafinsa na intanet, wani ya karanta a YouTube yana samun kuɗin talla, ko sallama ba a yi miki ba. Lokacin da manhajar sayar da littattafai ta OkadaBooks ke aiki nan nake sakawa, hankalina ya fi kwanciya. Da aka rufe ta a Nuwamban 2023 na dawo WhatsApp, kuma a WhatsApp ba ki da ƙofar da za ki kulle.

Sadiq_Akoka:
To ni ma bari in yi irin ta Kawu. Nawa gwanin da Turanci aka rubuta shi amma Bahaushen labari ne tsaf: Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim. A 2015 ya fito, a 2016 ya ci kyautar adabi ta kamfanin gas na NLNG, dala 100,000. Sai bana na same shi a hannun masu sayar da tsofaffin littattafai a Yaba. Labarin wata dattijuwa ce mai shekara 55 da mijinta ya rasu, da wani saurayi ɗan daba sa'an ɗanta. Abin da ya burge ni shi ne yadda ya nuna kunyar ɗan fari, uwa ba ta iya kiran sunan ɗanta ko ta nuna masa so a fili, da abin da wannan ke bari a zuciyarta. Abokaina Yarbawa a makaranta da suka karanta sun yi ta tambayata wai da gaske ne ana haka.

Wanda ban so ba wani na yaƙi ne, irin na takubba da aljanu da matsafa. Jarumin ya kashe dakaru dubu arba'in shi kaɗai a shafi ɗaya, a shafi na gaba ya sake kashe wasu dubu arba'in. Na ce to waye ya rage a garin?

Malama_Zainab:
@Sadiq_Akoka na san littafin da kake nufi, ban iya gama shi ba. Rubutu kam ya iya, ba musu. Amma dattijuwa mai jikoki a sa ta a wannan hali, ni zuciyata ba ta ɗauka ba. Kuma wannan ya kawo ni kan abin da ya fi damuna bana gaba ɗaya, wato batsa. Ina koyarwa a Islamiyya, na karɓi wayar wata ɗaliba 'yar shekara 14 tana karatu a ƙarƙashin hijabi ana tsakiyar darasi. Layi uku na duba na ji kunya ta rufe ni. An rubuta a sama wai na matan aure ne, kamar wannan rubutun zai hana yarinya buɗewa. Wannan shi ne mafi munin littafin da na gani bana, kuma ban ma karanta shi ba.

Sadiq_Akoka:
Malama ki yi haƙuri, amma kin haɗa abu biyu. Akwai wanda ke rubuta zunubi don ya nuna yadda mutum ke faɗawa ciki da abin da ke biyo baya, akwai mai rubutawa don ya sayar da shi. Ba ɗaya ba ne.

Malama_Zainab:
A idon mai shekara 25 ba ɗaya ba ne. A idon 'yar 14 fa?

Malam_Nura:
Wannan gardamar ta girmi da yawa daga cikinku. A shekarun 1990 an sha yin ta a shafukan jaridu. Farfesa Ibrahim Malumfashi ne ya laƙaba wa littattafan soyayyar lokacin sunan Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da 'yan ƙananan littattafan kasuwar Onisha, irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu kuma suka tsaya musu suka ce adabi ne na zamaninsa, a nazarce shi. A 2007 har ƙona littattafai aka yi a bainar jama'a a Kano, zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Abin dariyar, waɗancan da aka yi ta tsinewa, in ka ɗora su kusa da abin da Malama ta gani a wayar ɗalibarta, sai ka ce littafin wa'azi ne. Da littafi sai ya bi ta hannun mai buga rubutu da maɗaba'a da ɗan kasuwa, kowanne zai iya cewa a'a. Yanzu daga yatsa sai waya.

Ni nawa gwanin bana ba dogon labari ba ne, gajerun labaran gasar Hikayata ne ta BBC Hausa, wadda ake yi wa mata tun 2016. Saboda an ƙayyade musu yawan kalmomi, dole marubuciya ta zaɓi abin da za ta faɗa. Da za a riƙa yi wa masu shafi 150 irin wannan takunkumin da an huta.

Hajjo_Idi-Araba:
Malam ka tuna min da. Muna 'yan mata a Kano haya muke karɓowa, littafi ɗaya sai ya zaga gida huɗu kafin a mayar, bangon duk ya sha manja. Kuma a raba shi na ɗaya, na biyu, na uku, a yanke daidai inda rai ke so, don haka @Alƙalamin_Dare wannan dabarar ba ku kuka fara ba.

Na manta ban faɗi gwanina ba. Ni ma tsohon na koma wa, Alhaki Kwikwiyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. A 1990 ya fito, a 2012 har wani kamfani a Indiya ya buga fassararsa ta Turanci. Ku lura da wani abu: ita ƙanwar Janar ce na gaske, marigayi Murtala, wanda aka kashe a nan Ikoyi a 1976 yana da shekara 37. Amma da ta tashi rubutu ba Janar ta rubuta ba, matar da miji ya kora da 'ya'yanta ta rubuta, kuma mata suka yi rububin saye. To ashe ana sayen irin wannan.

Alƙalamin_Dare:
An saya a wancan lokacin Anti, da babu TikTok da finafinan Indiya masu fassara a tafin hannun kowa. Yanzu da su nake takara, ba da wata marubuciya ba.

Ummi_Agege:
Wani abin kuma da ke ba ni haushi, Turancin da ake cusawa. Ni da na tashi a Legas ina neman inda zan gyara Hausata, sai in buɗe littafin da aka rubuta a Kano ko Katsina in tarar rabin hirar Turanci ne, kuma Turancin ma a karye. An ɗauka in jarumi bai yi Turanci ba bai waye ba. Kakata da ta shekara sittin a Agege ta fi waɗannan jaruman Hausa nesa ba kusa ba.

Bagobiri_Mile12:
Gaskiya ta wagga. In anka zo wurin Turancin ni sai in jira su gama.

Anti_Larai (mai kula da zaure):
Mun yi nisa da tambayar fa. Gwani da wanda ba a so aka tambaya. Waɗanda ba su faɗi nasu ba su fito, na ga kuna karantawa kuna shiru.

Dan_Canji_Marina:
To ga ni. Maza da yawa na karanta littattafan nan, kawai ba ma faɗa ne. Ni a wayar madam na fara, tana barci ina bi, har wata rana na yi suɓutar baki na tambaye ta ko an sako shafin jiya. Daga ranar tare muke biya.

Gwanina na bincike ne, an tsinci gawar wani ɗan kasuwa a shagonsa an kulle ta ciki, wata 'yar sanda ce ke bin sawu. Har shafi biyun ƙarshe ina zargin yaron shago, ashe ba shi ba ne, kuma da na koma baya na ga tun farko an ajiye alamar a gabana ban lura ba. Irin wannan ya yi ƙaranci a Hausa, a ƙara.

Wanda ban so ba, akwai ɗan canji a ciki, an sa shi yana yawo da dala a buhu a bayan mota yana raba wa 'yan mata. Mu da muke wuni a tsaye a rana muna neman ribar naira biyar a kan dala, aka mai da mu haka.

Kawu_Obalende:
Na lura da abu ɗaya. Mai goro na kukan an ɓata Agege, ɗan canji na kukan an ɓata canji, Maman Ilham na kukan hanya. To ku da kuka san garin me ya hana ku rubutawa? Tun 1912 jirgin ƙasa ke haɗa Ikko da Kano, na yi aiki a tashar Iddo har na yi ritaya, na ga iyalai da suka sauko da tabarma da buta, yau jikokinsu na da gidaje. Ban taɓa cin karo da wannan a littafi ba.

Alƙalamin_Dare:
Kawu ka taɓo ni. Shekarata shida a Legas, aure ne ya kawo ni, amma duk littattafaina a Abuja da Kano suke faruwa, ban ma taɓa tambayar kaina dalili ba. @Ummi_Agege in da za a rubuta yarinya irinki, me za a sa a ciki wanda ni baƙuwa ba zan sani ba?

Ummi_Agege:
Anti da yawa. Ki sa ranar da aka kai ta Kano bikin 'yar baffanta, ta buɗe baki ta yi magana 'yan uwa suka fashe da dariya suna ce mata Bayarabiya, ta dawo Legas kwandasta ya ce mata aboki. Nan ba ta gida, can ba ta gida. Ki sa kakarta zaune da asuba ta kwance huhun goro tana ware marsa da minu, tana yayyafa ruwa tana canza ganye, tana ciniki da Yarbanci tana yi wa jikoki faɗa da Hausa a numfashi ɗaya. Ki sa biki da aka dafa tuwo da miyar kuka a tukunya ɗaya, amala da ewedu a ɗaya. Saurayin kuma kada ki kai shi Lekki, ki bar shi mahauci a mayankar Oko-Oba, yana wanka sau biyu kafin ya zo zance don kada ta ji ƙarni. In suna son fita su hau jirgin ƙasan nan na Red Line daga Agege zuwa Oyingbo, su zauna kusa da taga. Kuma rigimar gidan ta zama baban yana son ya aurar da ita can gida Arewa, garin da shi kansa bai taɓa kwana talatin a jere a cikinsa ba.

Hajjo_Idi-Araba:
Ummi ke ce ma za ki rubuta ai. Amma in kin fara don Allah ki gama.

Alƙalamin_Dare:
Na kwafe duka. Ban yi alkawari ba fa, sai na ga yadda zan yi da mahaucin, don na san masu biyana za su tambayi wace mota yake hawa.

Fatee_Alaba:
Sai yanzu na shigo, ban karanta duka ba. @Maman_Ilham na gane littafin Janar ɗin da kike nufi, wallahi shi ne gwanina bana, sau biyu na karanta, ina jiran na biyu ya fito.

Maman_Ilham:
Fatee, minti goman fa?

Fatee_Alaba:
Ni ban taɓa zuwa Lekki ba Anti, ban san nisan ba.